Taransifomar Unguwarmu Ta Gama

Daren Laraba, Omdurman

Yau na buɗe taransifomar unguwarmu. Man cikinta ya yi baƙi, takardar da ke naɗe da wayoyin kuwa ta tsufa, ina taɓawa ta marmashe a hannuna. In aka ba ta wuta, ƙonewa za ta yi.

Maƙwabcinmu Kawu Isa yana tsaye kusa da ni tun safe. Allurar ciwon sukarin matarsa sanyi take so, a gindin randa yake ajiye ta.

Ya ce, "Ɗana, ko wata guda ba za ta kai mu ba?"

"Ba za ta kai ba, Kawu."

Ya yi mini godiya har da addu'a, na kasa kallonsa. Ni ne fa na kira su daga gudun hijira, na ce su dawo, wuta ta kusa.