Makullin Agogon Babanmu

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti? Mu nan da sauƙi. Mama tana cin abinci, amma bakin nan har yanzu bai buɗe ba tun shanyewar ɓarin jikin.

Dogon agogon Babanmu na falo ya tsaya. Kin san sai an buɗe ƙofar jikinsa an ja sarƙa, ƙarafan nan masu nauyi su hau sama, kafin ya yi tafiya. To makullin ya ɓata. Na birkice gidan kaf, har aljihun rigunan marigayi, babu. Mama kuma ta yi nuni a ajiye mata kujera a gindinsa, nan take wuni. Da na matsa kusa da shi sai ta kama kuka, ina jin shirun ne yake damunta.

Na je wurin Baffa Mai Makulli, abokin Babanmu, ya ce shi ba ya taɓa kayan mamaci sai da izinin babban gida. Ke ce babba, don Allah ki rubuta masa.

Kin tambayi maganar kotu. Sun sallami direban da ya kaɗe 'yata, takwararki, wai birki ne ya ƙwace. Ya koma gidansa na bayan layinmu, kullum da safe ina ganinsa yana wanke motar. Na bar wa Allah, ba na ma jin komai yanzu.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Baffa,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Ya ƙarfin jiki, ya idon nan da ka ƙi kawo mana mu duba?

Haba Baffa! Makullin agogo ne fa, ba na gidan yari ba. Sai ka bar yaro yana zirga-zirga, tsohuwa tana kuka? Ga izini na bayar, har da ƙari. Tun da aka binne 'yarsa Auta bai nemi komai a duniya ba. Ya daina zuwa gareji, ya jefar da waya, ko aski ba ya yi. Yau ga shi yana son ya gyara wani abu da hannunsa, wallahi da na karanta takardarsa sai da na yi hawayen murna. Idan agogon ya tashi, wataƙila gidan ma ya tashi.

Kada ka ce sai na zo. Na san halinka, in aka biye maka sai agogon ya yi saiwa a falon. A gaida Inna.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yata,

Aminci ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, har da zagin da ke ciki, na gode.

Na je gidan. Kin san ni ba na yanka makulli da ka. Ɗanyen ƙarfe nake kangawa a kan kyandir ya yi baƙi da hayaƙi, in zura a rami in murɗa kaɗan. Inda ya gogu ya yi fari, nan nake ci da magagari. A sake baƙantawa, a sake zurawa, har kuba ta yarda. Auta yana durƙushe kusa da ni, shi yake riƙe mini kyandir, ko ƙifta ido ba ya yi. Na farkon na ci shi da yawa a haƙori ɗaya, na yar a kwandon shara, na ɗauko wani.

Ina cikin na biyun hannuna ya gane kubar kafin kaina ya tuna. Ni na sa ta, tun kina goye. Wadda agogon ya zo da ita 'yar ƙarama ce, ko cokali ya buɗe ta, mahaifinki ya ce in cire in sa mai ƙarfi. Ya kuma sa na kafa masa ƙugiyoyi biyu a ciki, bayan ƙarfen nan mai lilo, ɗaya sama ɗaya ƙasa. 'Yata, agogo ba ya buƙatar ƙugiya. Na kai hanci bakin ramin, man da na shaƙa ba na agogo ba ne, na bindiga ne.

Na aiki Auta ya kawo mini ruwa. Yana fita mahaifiyarki ta cafke rigata da hannun nan mai lafiya. Ta saki, ta laluba cikin zaninta, ta buɗe mini tafinta. Tsohon makullin ne. Ta kalli ƙofar da ɗanta ya bi, ta kalle ni, ta girgiza kai. Ashe ba ɓata ya yi ba, ita ta ɓoye shi.

Da ya dawo na ce masa ƙarfen nan bai da kyau, sai na nemo wani. Bai yi musu ba, ya raka ni har bakin titi yana godiya. Godiyar ce ba ta yi mini daɗi ba. Na biyun yana aljihuna, ba mai ganinsa.

Kun ce an sayar da bindigar farautar marigayi. Wa ya ga wanda ya saya? Ki ajiye aikin nan ki taho. Allah ya tsare mu da aikin da na sani.

Baffanki

*

Auta,

Ko gaisuwa ba zan iya ba. Ashe ni ka mayar sakarai? Ina nan ina murna ƙanina ya farfaɗo, ina tsokanar tsoho don ya hanzarta, ashe ba agogo ne a gabanka ba.

Yarinyar nan ni ma ta mutu mini, Auta. Sunana gare ta, ni na yanke mata cibiya. Ba na ce ka yafe wa mutumin ba, ni kaina ban yafe ba. Amma in ka aikata abin da nake tsoro, wa zai ɗaga Mama ya kwantar? Matar da ba ta iya cewa a ba ta ruwa ta zauna tana gadin ka da hannu ɗaya, kai ko kunya ba ka ji ba?

Na nemi izini a wurin aiki, sun ce sai mai karɓata ta dawo. Ko ta dawo ko ba ta dawo ba, motar farko zan shiga. Na haɗa ka da Allah, na haɗa ka da nonon da muka sha, kada ka taɓa ƙofar nan. Zauna kusa da Mama ka jira ni.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ki wahalar da kanki da sauri, agogo ya tashi, yana bugawa daidai.

Ki yi wa Baffa godiya, ya iya koyarwa. Makullin da ya yar a shara haƙori ɗaya kawai ya lalace, shi na kwaikwaya na yanka wani, kyandir kuma akwai saura. Tsohon makullin da Mama ta ɓoye yana hannunta, ban karɓa ba.

Na yi aski, na wanke mata kaya duka. Maganinta yana kan tebur, na safe daban na yamma daban. Idan kin iso ba ki same ni ba, makullin gida yana wurin maƙwabciya.

Auta