Kujerar Roba a Ƙofar Ɗan Kwangila

Ranar Asabar

Zuwa ga Maman Yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ciwon bayan da kike ɓoye mini a waya. Yaya kwas? Yaya malaman da ke koya wa wadda ta shekara goma sha takwas tana aikin jinya yadda ake jinya? Mu nan lafiya lau. Babbar 'yarki, Alƙaliya, ta yanke hukuncin cewa girkina bai kai laifi ba, amma ya kusa. Auta haƙorinta ɗaya ya fita, ta ajiye miki shi a kwalin ashana.

Takarda na zaɓa don a waya kina katse ni kafin in kai ƙarshen zance.

Kin tuna gidan kwanar layinmu da aka shekara biyu ana gini? Mai shi ya tare. Ɗan kwangila ne, ya zo da baƙar mota da karnuka biyu, kowanne ya kai ɗan maraƙi. Yaran layi sun raɗa musu Janar da Kanar. Shi kuwa yarana yake ce musu, ko kunya babu. Ƙofarsa irin mai rimot ce da ke ja da kanta. Na auna da agogo, daga fitar motarsa zuwa rufewarta daƙiƙa hamsin ne. Shi ya danna ya yi gaba, su kuma su fito shan iska. Ƙarfe bakwai da kwata ake wannan, daidai lokacin da yaran layin kaf ke bi ta wurin zuwa makaranta, ga shi babu wata hanyar.

Ranar Talata Kanar ya yaga wa 'yar mai kemis siket har gwiwa. Sai mu maza muka yi abin da muka fi ƙwarewa a kai, muka kafa kwamiti. Zama biyu muka yi a kan wa zai shugabance mu, a na uku aka ba ni rubuta wasiƙar koke, tunda wai ni ke aiki a ɗakin karatu. Amsar da ya aiko ce ta tayar mini da zuciya. Katin rigakafin karnukan ya sa aka buga, aka liƙe da roba, aka bi gida-gida ana rabawa. Wato in sun ciji ɗanka ka kwantar da hankali, haƙoran masu takarda ne. Shugabanmu har da cewa mutumin ya nuna wayewa.

Ni dai na ɗauko littattafai uku a kan halin karnuka na karance su. Duk bakinsu ɗaya: kada a gudu, kada a yi ihu, a tsaya cak, a naɗe hannu, a dubi ƙasa. Kullum da yamma muna gwaji a falo, ni ne karen. Alƙaliya ta ce haushina bai gamsar da ita ba. Daga Litinin ni zan riƙa raka su.

Ki gaishe da abokiyar ɗakinki. Ki riƙa cin abinci.

Mijinki,
Baban Yara


Ranar Laraba

Maman Yara,

Sallama da fatan kina lafiya. Kafin komai, babu wanda aka ciza. Ki sake karanta wannan layin, sannan ki zauna.

Jiya mun kai kwanar ke nan motar ta fito ta wuce. Janar ne ya fara leƙowa. Bai yi haushi ba, kansa ya sunkuyar ya nufo mu a guje, farcensa na ƙara a kan kwalta. Abin da na sani na gaba shi ne ina tsaye a kan teburin guga na telan bakin kwanar, takalmi ɗaya a ƙafa. Ban tuna lokacin da na saki hannun Auta ba. Na yi ta neman lokacin a kaina tun jiya, ban same shi ba.

Daga saman teburin na ga 'ya'yana. Sun tsaya cak, sun naɗe hannu, suna kallon ƙasa, yadda na koya musu. Karen ya zagaya Auta sau biyu, hancinsa a wuyanta. Yarinyar nan ba ta motsa ba, fitsari ne kawai ya bi ƙafarta ya cika safa. Ya cafki jakarta ya fara ja, tana tangaɗi tana ƙoƙarin tsayuwa. Innar nan mai sharar titi, wadda ban taɓa tambayar sunanta ba, ita ta taho da doguwar tsintsiyarta ta maka masa a hanci har sau uku, tana zaginsa da uban gidansa. Ya saki jakar ya koma.

Tela ya taimaka mini na sauko. Ya yi mini kara, bai yi dariya ba sai da na juya baya.

Na daɗe ina yi wa mazan layin nan kallon matsorata masu son zama a inuwa su yi ta shawara. Ashe abin da ya raba ni da su iya rubutu ne kawai. Alƙaliya, wadda ba ta barin ko ƙarancin gishiri ya wuce ba sharhi, takalmina kawai ta ɗauko ta ajiye a gabana. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Auta ta ƙi zuwa makaranta yau. Ko bakin ƙofa ba ta yarda ta je. Ɗan kwangila kuwa ya aiko mata da sabuwar jaka mai hoton ɗan kwikwiyo a jiki. Na mayar masa.

Kada ki bar kwas ɗinki ki taho. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin matar tela, da ƙari.

Naki, duk da haka,
Baban Yara


Ranar Lahadi

Maman Yara,

Gaisuwa mai yawa. Amsarki ta iso, layi huɗu, na kuma gode da ba ki ƙara na biyar ba. Ina fatan jarrabawar ta zo da sauƙi.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai na ɗauki farar kujerar robar nan ta baranda na dasa ta a tsakiyar ƙofar mutumin, daidai inda mota ke fita, na zauna. Ba jarumta ba ce. Na lura ne cewa ba ya sakin karnukan gaban motar tana tafiya, yana tsoron ya taka yaransa, wato muddin motar na ciki, su ma ba za su fito ba. Ƙofa ta buɗe, ya danna hon har ya gaji. Ya sauke gilashi ya tambaye ni ko na san ko shi wane ne. Na shaida masa cewa na sani, kuma ba zan tashi ba sai na ga sarƙa a wuyan kowane kare da idona. Ya kira ni mahaukaci, ya ambaci lauya, ya duba agogo. Minti ashirin da biyar ya yi, sannan ya shiga ya ɗaure su da hannunsa, yana ba su haƙuri.

Juma'a na koma. Na tarar da matar mai kemis da wasu mata uku sun riga ni, kowace da kujerarta, Inna mai shara ta jingina da tsintsiya a gefe. 'Yan kwamiti ma sun halarta, ta tagoginsu.

Zuwa jiya mai walda ya kwana biyu ke nan yana haɗa keji a cikin gidan. Kin san abin da mutumin ke gaya wa jama'a? Wai ya gina ne don ya kare karnukansa daga yaran layi, kada su shafa musu cuta. Kwamiti kuma ya zauna ya amince a rubuta masa wasiƙar godiya bisa karamcinsa, aka aiko cewa ni zan rubuta. Na ce alƙalamina ba shi da lafiya.

Da yamman nan na lallaɓa Auta muka fita gwaji, mu uku, har kwanar. Ta ga kejin ta ramin ƙofa, ta ga kwaɗon da ke jiki, ta yarda gobe za ta koma makaranta. Da muka zo daidai ƙofar, Janar ya yi gurnani daga ciki. Na miƙa mata hannu. Ta dube shi, ta zagaya ta bayana ta kama na yayarta.

Na bi su a baya har gida, ta ɓangaren da karnukan suke.

Saura sati biyar ki dawo. Yara suna gaishe ki, ni ma haka.

Mijinki,
Baban Yara