Na Kayar da Maigidana a Filin Harbi, To Wace Bindiga Zan Saya?

Mma Mokgadi, don Allah ki agaza mini. Na ci nasara, ga shi tana nema ta hana ni zaman lafiya a gida.

Shekaruna hamsin da bakwai, ni da maigidana muna kiwon kaji a bayan garin Tzaneen. Kwana uku a mako yana kan hanyar Polokwane da ƙwai, ni kaɗai a gida. A watan Maris, da rana tsaka, wasu mutum biyu suka ɓalle ƙofar kicin. Na kulle kaina a banɗaki ina jin su suna kwasar kaya, ɗayan har yana fito da baki kamar a gidan ubansa. Ba su taɓa ni ba, amma tun ranar ko ganye ya motsa sai gabana ya faɗi.

Maigidan ne ya ce in nemi lasisin bindiga. Ya yi shekara ashirin yana gadi a mahaƙar ma'adinai da bindigar kamfani a ƙugu, saboda haka in ana zancen harbi, a gidanmu shi ne sarkin baka. Ya zaɓa mini wata baƙar fistol mai cin harsashi goma sha biyar, irin wadda sai ka ja bayanta kafin ta ɗana. Ni kuwa sanyin ƙashi ya gama da yatsuna. A filin koyon harbi na ja, na ja, har da cije leɓe, ta ƙi. Sai cewa ya yi, “Haba uwargida, hannun da ke fige kaza hamsin a yini, wannan ’yar abar ce za ta gagare shi?”

Sai Tannie Rina, mai koya mana, ta karɓi fistol ɗin daga hannuna. Ta miƙo mini wata libarba tsohuwar yayi, mai cin shida, ba ja ba murɗawa. Ta zauna a hannuna daram. Asabar shida ina zuwa. Ran Asabar da ta wuce maigidan ya ce mu gwada, shi da fistol ni da libarba, wai don in ga bambanci. Mma, na kuwa ga bambanci! Daga taku goma, shidan nawa duk suka taru a tsakiyar takardar da ake harbi, tafin hannu ya isa ya rufe su. Nasa kamar an watsa wa kaji tsaba. Mazan wurin suka ɗau tafi, wani ya ce masa, “Yallaɓai, daga yau ka riƙa dawowa gida da wuri!” Ni ma na rangaɗa guɗa, ba zan ɓoye miki ba. Rabon da in ji daɗi haka tun kafin Maris. Takardar ma na liƙa ta a jikin firji.

Tun ranar yake kumbure-kumbure. Wai sa'a ce, wai shida ba su isa ba in ɓarayi sun yi yawa. Kin san bindiga ɗaya ake ba mutum don kare kai, kuma lambar wadda na zaɓa ce za ta hau takardar neman lasisi. In na sake shawara daga baya, sai sabon jira na watanni. Ga shi ’yan sanda za su tambaye shi halina kafin su ce na cancanta. Juma'a za mu shagon bindiga. In sayi wadda ya zaɓa don a zauna lafiya?

Mai Kaji, Tzaneen

Mai Kaji, barka da arziki, kuma guɗarki halal ce. Asabar shida kika yi kina nemanta.

Libarbar za ki saya. Maigidanki bai yi ƙarya ba, sha biyar sun fi shida, amma sai a hannun da zai iya ɗana su. Abin da ya gagare ki hankali kwance, Tannie Rina na gefenki, ba zai yi miki sauƙi ba ranar da jikinki ke rawa. Harsashinta kuma ana samunsa ko'ina, ba za ki rasa na atisaye ba.

Shi kuma ki duba shi da kyau. Ranar da aka shigo miki yana can yana sauke ƙwai, kuma na tabbata abin na cin sa har yau. Babbar bindigar nan ƙoƙarinsa ne na biyan abin da ya kasa yi. Sai ga shi an yi masa dariya a gaban maza. Ki cire takardar daga firji, ki adana ta a jakarki. Ki ba shi aikin kafe akwatin ƙarfen ajiya a bango da koya miki goge bindigar. Mabuɗin dai naki ne ke kaɗai, nesa da jikoki. Batun ’yan sanda kada ya dame ki, gaskiya za su tambaye shi, kuma mutumin da ya fara tura ki neman lasisi ba zai kashe miki hanya don fushin mako guda ba.

Ki tuna, don ranki za a ba ki bindigar nan. In kaji kawai ɓarayi suka ɗauka, ki bar su su tafi.

Kafin Juma'a ki zaunar da shi, ki miƙa masa yatsunki ya riƙe, ki ce, “Duk ranar da ba ka nan, waɗannan ne za su tsare maka ni.” Ina jin da bakinsa zai ce wa mai shago a kawo libarbar.

Allah ya ƙara saiti, ya sa kada ki taɓa harba ta sai a kan takarda.

Mma Mokgadi