Kwalbar da Ka Ba Ni Ajiya

Zuwa ga aminina, marigayi Bulus na Tsibiri.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina rubuto maka ne don in faɗi maganar da na kasa faɗa maka kana da rai.

Ka tuna shekarar farin nan, da sojoji ke mulki, gero ya ƙone tun yana gwiwa. Baturen da ka yi wa aikin kuku a gonakin Jiratawa ya tattara zai koma gida, ya ba ka kwalbar jar giyar inabi ta ƙasarsu. Ya ce irin wadda ba a gaggawa da ita ce, sai ta shekara goma a kwance take nuna kanta.

Ka kawo mini ita unguwarmu Zariya, nan Maradi, a naɗe cikin buhu, kafin ka tafi cin rani. Kai Kirista, ni ko warin giya ba na so, amma ka ce randata ta fi ta kowa sanyi. Ka tona yashin da ke ƙarƙashinta, ka kwantar da kwalbar. Sharaɗinka biyu ne, kada ta tsaya a tsaye, kada ta ji zafi. Ka ce sai ranar auren Rahila, 'yarka, wadda a lokacin ko ɗaurin zane ba ta iya ba.

Ba a yi wata biyu ba sojoji suka shiga binciken gidajen 'yan kasuwa, suna neman ɓoyayyen hatsi. Ni kuwa shekara ɗaya ke nan da dawowata daga Makka. Tsoro ya kama ni, na ga kamar ana zaro kwalbar giya daga gidan Alhaji a gaban unguwa. Na tono ta, na cusa a saman ɗaki, ƙarƙashin kwanon rufi, a tsaye. Ka san kwanon Maradi da bazara, ko ƙwai ka ajiye sai ya dahu.

Sojoji ba su ma zo gidana ba. Na ce gobe zan mayar da ita, goben nan ta kai shekara goma sha ɗaya. Kai kuma ka dawo, duk sallar da ka zo yi mini barka sai ka tambaya, “Tana barci?” Ni kuma in ce tana barci. Wallahi ina jin kunyar wannan amsa har yau.

Ranar auren Rahila na goge mata ƙura, na kai maka. Bayan baƙi sun ragu da la'asar, ka ja ni gindin bishiyar bedi. Toshiyar kwalbar ta marmashe a hannunka. Ka zuba, ka ɗaga kofi wajen haske, ka juya shi a hankali, ka shinshina yadda Baturen ya koya maka. Ka kurɓa, ka riƙe a baki, ka lumshe ido. Ka ce kana jin magarya cikinta, da ƙamshin sabuwar fata, da ƙasa ranar ruwan farko. Ka ce mai haƙuri ya dafa dutse. Ka ƙara kofi na biyu.

Na koma gida ina murna, na ce ashe Bature ne da ƙarin gishiri.

Da na je ta'aziyyarka, matarka Saratu ta ba ni labari tana dariya tana hawaye. Ta ce abin ya fi tsamiya tsami, da ragowar ta wanke tukwane, kai kuma ka kwana biyu ciki na murɗa maka. Ta ce tun daga toshiyar ka gane ba a yashi ta kwana ba, ka kuma hana ta faɗa mini. Cewa ka yi, Alhaji ya ɗauki kayan da ba na addininsa ba saboda ni, ba zan kunyata shi ba.

Bulus, ɗan'uwana, ba giyar nake wa kuka ba. Kalma ɗaya ce ta gagare ni, kai kuma ka shanye kofi biyu don kada in faɗe ta. Ga ta yanzu: na ci amanarka, ka yafe mini.

Allah ya saka maka da alherinka, ya kyautata bayanka, ya raya Rahila da 'ya'yanta, ya yafe mana baki ɗaya.

Naka har kullum,
Alhaji Isuhu, Zariya, Maradi.