Ranar da Kabeji Ya Ɓace Mini

Youngstown, Ohio
Oktoba, 1998

Zuwa ga 'yata Maureen, uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Curtis da yara, ya kuma kare ku daga sanyin Alaska da kuka zaɓa da hankalinku. Yaya aikin asibiti? Allah ya ba da lada. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki faɗin kafaɗa ne ya fitar da shi daga makaranta, ba kaifin kai ba. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarki tana nan tana yaƙi da ni a kan gishiri, gwiwoyina kuma suna riga mutumin talabijin sanar da ruwan sama.

To, maganar Yayana ce, baffanki Virgil. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa miki yadda take. Kin san tun bara kansa yake tafiya yana dawowa. Wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifinmu, wani lokaci ya nemi hular kwanonsa wai an makara fita filin ƙwallo. Ɗansa Dale ya daɗe yana so a kai shi gidan kula da tsofaffi. Matar baffanki, Lorraine, ta ƙi, ni ma na ƙi, kuma abin da ya sa Dale ya haƙura shi ne na yi masa rantsuwa cewa duk ranar da ubansa ya birkice, ni zan iya tsayar da shi.

Ba cika baki na yi ba. Shekarun da muka yi muna buga ƙwallon Amurka, mai ture-ture da hular kwano, a sahun gaba, shi a dama ni a hagunsa, aikinmu ɗaya: mu duƙa, mu dafa ƙasa, a ƙirga, mu tura ƙaton da ke gabanmu har a busa usur. Ƙwallon ma ni sau ɗaya na taɓa ta, shi ma faɗo mini ta yi a ka. Ba wanda ya san sunanmu. Lambar rigarka ba ta fita a lasifika sai ranar da ka yi laifi. Yaran yanzu kuwa su tura mutum ɗaya su tashi suna rawa. Mu a zamaninmu ka tofar da haƙori ka koma layi, in kakar wasa ta ƙare ka koma masana'antar ƙarfe. Ina kewar mutanen nan, Maureen, irin su Otis Brubaker da yatsunsa kowanne ya kama gabansa. Yawancinsu suna ƙasa, saura kuma ba su san ranar mako ba. Baffanki ya fi mu duka, sai dai in ransa ya ɓaci ba ya jin usur. Sai na samo masa magani. Muna yara in muna dambe a bayan gida, kakarki da kika ci sunanta ba ta rabon faɗa, taga kawai take buɗewa ta ce kabeji, wato abinci ya sauka, sai kowa ya saki wuyan ɗan'uwansa. A fili ma haka, in na daka masa tsawa na ce kabeji sai hannunsa ya saki. Har yau yana aiki, amma da muryata kaɗai. Lorraine ta gwada, Dale ya gwada, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar Lahadi na je gidansu kallon wasan ƙwallo a talabijin kamar kullum. Lorraine ta tare ni da tsiyarta, wai ga ƙanin miji mai hancin jin ƙamshin tukunya ya iso. Na ce mata da ni ta aura da yanzu ta huta, ta ce da ni ta aura da yanzu tana gidan yari. Muna cikin kallo, an ƙure sautin saboda kunnuwanmu, mai jefa ƙwallo ya fara ƙirga. Sai na ga Yaya ya zame daga kujera, ya duƙa, ya dafa darduma da hannu ɗaya. A daidai nan Lorraine ta fito daga kicin da faranti. Kafin in miƙe da waɗannan gwiwoyi, ya kwashe ta ya haɗa da firiji, ya sa kafaɗa a ƙirjinta yana turawa, ƙafafunsa na haƙa ƙasa kamar dā.

Na buɗe baki, Maureen, babu kalmar. Ta tafi. Kalmar da nake faɗa tun kafin in iya ɗaure takalmi. Na san dai abin miya ne, sai na kama ihu ina cewa karas, ina cewa albasa, dankali, kamar mai talla a kasuwa. Ki yi dariya in kina so, ni ma zan yi wata rana. Na ja rigarsa, kamar in ja bango. Fuskar Lorraine ta fara sauya launi, ƙafarta ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ita ce ta dube ni ta saman kafaɗarsa, da ɗan numfashin da ya rage mata, ta ce kabeji, wawa. Na daka masa tsawa da ita. Ya saki. Ya juyo yana murmushi yana tambayata ko Mama ta sa tsiran alade a ciki.

Haƙarƙarinta biyu sun tsage. Ta gaya wa likita da Dale cewa santsi ne ya kwashe ta a matakala. Da na mayar da ita gida daga asibiti, ta hana ni fita daga mota, ta ce ba mijinta ne ya ba ta tsoro ba, shi ta san ciwonsa, ni ne. Ta tambaye ni ko wannan ne karo na farko da na yi irin wannan mantuwa. Na fara wasa, ta ce Lyle, bar shi. Sai na gaya mata cewa watan jiya na tsaya a gaban kantin da nake zuwa tun ina saurayi, na rasa ta ina ake komawa gida. Ta ce za ta riƙe bakinta zuwa bikin godiya na watan gobe, ranar da za a yanka talotalo kowa ya hallara. Daga nan ko in faɗa wa Dale, ko ita ta faɗa. A yanzu kullum ina gidansu tun safe, na rubuta kalmar a bayan hannuna da biro, na ce wa mahaifiyarki cefane ne. Ita ba ta san komai ba tukuna.

Abin da nake roƙonki ke nan. Ki zo kafin bikin, ko da kwana kaɗan. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin ga irin wannan da yawa, kuma ke kaɗai ce ba na iya ruɗa da barkwanci. Ki zaunar da ni ki yi mini tambayoyin nan naku, ki kai ni wurin wanda ya dace. In kika ce kaina lafiya, tsufa ne kawai, zan ci gaba da tsaron Yaya. In kika ce ba haka ba, ba zan bari ran Lorraine ya rataya a kan ƙwaƙwalwar mutumin da ya sha duka a ka shekara da shekaru ba. Ni da kaina zan gaya wa Dale, ni zan tuƙa Yaya zuwa gidan tsofaffin, in dai akwai mai nuna mini hanya.

Ki gaida Curtis, ki ce har yanzu ban yafe masa kifin da ya ce zai aiko ba. Ki gaida Nolan da ƙaramar uwargida Tess. Mahaifiyarki tana gaisuwa, Lorraine ma, tana dariya a hankali saboda haƙarƙari.

Abu ɗaya kuma, tunda kin san mutanen irin gidajen nan. Ki tambaya mini ko suna da ɗaki mai gado biyu. Ba gaggawa nake ba. Amma in ta kai ga haka, a sa nawa a hagunsa, don ta wannan kunnen yake jina.

Naki har kullum,
Babanki, Lyle Dombrowski