Ba Zan Ba da Haƙuri a Kan Amsar da Take Daidai Ba

Zuwa ga Shugaban lisenmu, makarantarmu ta sakandare, a nan Arlit,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Hadizatu ƴar Akokan, ɗalibar ajin ƙarshe da aka kora gida ranar Litinin. Na zo ofishinka an ce ba ka da lokaci, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ga abin da ya faru. Mushen lissafi, wato malaminmu, ya ba mu wata tambayar lissafi ta antegiral mai wuya, irin wanda ake warwarewa kashi-kashi. Na bi wata hanya dabam, wadda muka gano ni da ƙawayena a bangon wani gidan ma'aikata da aka bari tun rufe ramin haƙar yuraniyom, inda muka shafa baƙin fenti ya zama allonmu. Ya ba ni sifili don ban bi tasa ba. Na hau allo na yi wa amsata deribe, wato lissafin da ke juya antegiral baya, ta mayar da ni kan tambayar cif. Aji ya yi tafi. Wannan tafin ne laifina, kuma ba ni na sa su ba.

Na biyu, an ce ba zan koma ba sai na zo da mahaifina, na durƙusa gaban aji na ce na yi kuskure. Mahaifina yana haƙar zinariya a Cibarakatan, ba zai dawo kafin jarrabawar bak ta kammala lise ba. Mahaifiyata ta zo, aka ce ba ita ake nema ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da sifilin.

Na uku, ina girmama Mushe, shi ya koya mini deribe ɗin da na gwada. In muryata ta yi sama, zan roƙe shi gafara ko a gaban tuta. Amma in ce daidai kuskure ne, wallahi ba zan faɗa ba. Gaskiya ɗaci gare ta, na sani.

Roƙona shi ne ka saurari mahaifiyata, ka mayar da ni aji wannan makon, don ana babin da bak ba ta tsallakewa. Ka kira kowane malamin lissafi, a ba shi takardata da alli. In amsar ta faɗi, ni da kaina zan durƙusa. In ta tsaya, a buɗe mini ƙofa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan cikin mutunci.

Wassalam.
Hadizatu, Akokan