Umma, Hafsa Ma Ta Fara Cin Ƙanzo

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da wata magana da na rasa wanda zan faɗa wa a cikin masu rai.

Kin tuna gidanmu na Dilimi? Sanyin Jos ya kora kowa ɗaki, ke kina bakin murhu. Ki kwashe wa Baba da abokansa direbobi tuwo, ki kwashe mana, ki aika wa maƙwabta, sannan ki jawo tukunya ki kankare ƙanzo. In mun miƙo miki malmala sai ki ce, "Ku ci, ni ƙanzo na fi so." Muka yarda kuwa, har muna tsokanarki da Sarauniyar Ƙanzo.

Kin sha cewa ni na ɗauko ki, kuma haka ne. Fuskar mutum ta ɗan canza, ni in hau ba shi haƙuri. Baƙo ya kalli kwanona sau biyu, in tura masa. Nan Kwararafa duk mai tafiya unguwa wurina take ajiye yaranta, duk gidan rasuwa ni ce a kan girki. Ina jin yunwar kowa a jikina, tawa ce kawai ba na ji sai jiri ya ɗebe ni. Maman Ngozi mai shagon kusa da mu ta ce, "Maman Hafsa, kai ba ka cin abinci ne? Ka koma tsintsiya fa." Dariya na yi mata.

Kwanaki ƙanwarki Inna Talatu ta zo ta same ni ina kankarar tukunya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce tun kuna yara babu abin da kika tsana kamar ƙanzo. Ko warin ƙonewarsa ba kya so.

Umma, duk shekarun nan?

Ga abin da ya sa na rubuto. Jikarki Hafsa, wadda ba ki gani ba, ta shiga aji biyu. Jiya na zuba musu shinkafa, ta lura ƙaninta na leƙen kwanonta. Ta tura masa, ta je ta jawo tukunya ta ce, "Mama, ni ƙanzo na fi so." Har da ɗan murmushin nan naki.

Yau na ce sai na nuna mata. Na fara zuba wa kaina kafin kowa, har da nama, na zauna inda za ta gan ni. Ban kai loma baki ba ƙanin mijina ya yi sallama daga tashar Titin Bauchi, da ganinsa bai ci komai ba. Bai roƙa ba, bai ma kalli kwanon ba. Ni na miƙa masa. Hafsa tana gani.

Na gaji, Ummata. Ban san yadda ake koya wa yarinya abin da ni ban iya ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga saman tukunya, kafin kowa. Ya ba Hafsa bakin cewa tana jin yunwa.

Ni ma ban taɓa son ƙanzo ba. Ke ce ta farko da na faɗa wa.

Taki,
Zulai